Furannin Rani: Tsirrai Masu Tanadin Ruwa a Duwatsun Dabai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa Dabai ta ƙasar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, cikin watan Janairu, ya san yadda gari kan kasance. An yanke dawa an zuba a rumbu, hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe ko kuwa gobarar daji ta lashe ta, duwatsu kuma sun yi furu-furu da ƙura. To a daidai wannan lokaci, da rabon ƙasa da ruwan sama tun watan Oktoba, sai ka ga wata 'yar bishiya mai kumburarren gindi, wadda da ƙyar za ka sami ganye a jikinta, ta ɓarke da furanni masu launin ja da fari kamar an yi mata kwalliyar biki. Hausawa suna kiran wannan bishiya ƙarya, kuma akan danganta sunan nata da karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi wa kansa ita ce, ina wannan tsiro ya sami ruwan da ya yi fure da shi, alhali manyan itatuwa ma sun kakkaɓe ganye saboda ƙishirwa? Kuma shin da gaske ne ba ta yin 'ya'ya? Manufar wannan maƙala ita ce amsa waɗannan tambayoyi, tare da gabatar wa mai karatu dangin tsirran da ke tanadin ruwa a jikinsu, na gida da baƙi, da yadda za a rene su a gida ko a makaranta har su yi fure, da kuma haɗarin da ke tattare da wasu daga cikinsu.

Kaktus da Masu Kama da Shi

Tsiro mai tanadin ruwa shi ne wanda ke da wani sashe mai kauri da tsoka, inda yake tara ruwa lokacin da ake da shi domin amfani a lokacin da babu. Wani a ganye yake tarawa, wani a kara, wani kuma a gindi ko saiwa. Kuka ma, wadda kowa ya sani, tana tara ruwa a cikin gangar jikinta. Ba dangi ɗaya ba ne waɗannan tsirrai. Sun fito daga zuriyoyi daban-daban, abin da ya haɗa su kawai shi ne dabarar zama da fari.

Dangin da ya fi suna a duniya shi ne kaktus, wanda ke da ire-ire tsakanin 1,500 zuwa 1,800. Abin mamaki shi ne dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, tun daga Kanada har zuwa kudancin Ajantina, in ban da guda ɗaya tak mai suna Rhipsalis baccifera, wanda ake samu kuma a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Saboda haka duk wani kaktus na gaskiya da aka gani a Zuru ko Birnin Kebbi baƙo ne, mutane suka kawo shi. Mafi yawa shi ne mai faffaɗan jiki kamar tafin hannu, watau Opuntia, ɗan asalin ƙasar Meziko, wanda har hotonsa ke jikin tutar ƙasar.

To amma tsirran nan masu ƙaya da ke kan duwatsunmu, waɗanda littattafan Turawan mulkin mallaka kan kira kaktus fa? Waɗannan 'yan dangin Euphorbia ne, mai ire-ire wajen 2,000. Sunan ya samo asali daga Euphorbus, likitan Sarki Juba na Biyu wanda ya mulki wani yanki na arewacin Afirka shekaru dubu biyu da suka wuce, kuma masanin nan Linnaeus ya tabbatar da shi a 1753. Zama cikin yanayi iri ɗaya shi ya sa dangogin biyu suka yi kama, ko da yake teku ce a tsakaninsu. Ga hanyoyi uku da ɗalibi zai bambanta su. Na farko, in aka karci jikin Euphorbia sai farin ruwa mai kama da nono ya fito, ruwan yawancin kaktus kuwa garau yake. Na biyu, ƙayar kaktus tana fitowa ne cunkus daga wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu gashi, kamar 'yan matasan kai, ita kuwa ƙayar Euphorbia ɗai-ɗai ko bibbiyu take fitowa kai tsaye daga jikin kara. Na uku, furen kaktus babba ne mai ɗaukar ido, na Euphorbia kuwa ƙanƙane ne, sai an matso ake ganinsa.

Namu na Gida

Kafin mu yi sha'awar baƙi, ya kamata mu san 'yan gida. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, John M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi a 1916, sa'an nan ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Yawancin sunayen da ya rubuta daga bakin manoma da maharba da masu magani ya ji su, kuma abin takaici ne a ce yau ɗalibin babbar sakandare zai iya kawo sunan furen Ingila amma bai san waɗannan ba.

Ƙarya, wadda muka fara da ita, masana na kiranta Adenium obesum. Ana samunta daga Sanagal har zuwa gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. A kumburarren gindinta take tara ruwa. Masu sana'ar furanni a ƙasashen Tailan da Taiwan sun yi ta aurar da ire-irenta har sun fitar da masu launi iri-iri, kuma irin waɗannan ne ake sayarwa da tsada a bakin titunan manyan biranenmu, alhali ga danginsu a bayan gidajenmu ba mai kula su.

Tinya iri biyu ce, Euphorbia unispina da Euphorbia poissonii. Karanta mulmulalle ne mai launin toka, da 'yan ganye cunkus a can ƙarshen reshe lokacin damina, kuma ta fi son tsakankanin duwatsu. Ƙerana, watau Euphorbia kamerunica, ita ce mai rassa masu kusurwa da suka miƙe sama, wadda ake shinge da ita. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Birom a tsaunukan Jos ya ga irin wannan shinge na dangin ƙerana, wanda a zamanin yaƙe-yaƙe ya zame wa mutane ganuwa. Aguwa kuwa, Euphorbia balsamifera, ba ta da ƙaya, kuma ita ce shingen gonaki a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar, inda take taimakawa wajen tare rairayi.

Sai zabuwa, watau Aloe buettneri, mai dogayen ganye masu ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Ita 'yar'uwar Aloe vera ce da ake sa wa a man shafawa, wadda asalinta yankin Larabawa ne. Da rani ganyen zabuwa kan bushe, amma gindinta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa gobarar daji ba ta cika kashe ta ba. Furanninta kan jawo ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke shan ruwan fure. Akwai kuma karan masallaci, mai gajerun kara masu kusurwa huɗu da ƙananan furanni masu duhun ja, wanda aka raɗa wa suna Caralluma dalzielii domin tunawa da shi wannan likita. Ƙudaje ne ke yi wa danginsa barbara, shi ya sa furannin da yawa daga cikinsu ke warin ruɓaɓɓen nama. Har ila yau akwai moda, mai ganye kamar takobi wadda ake samun zare daga gare ta, da ɗaɗɗori mai yaɗo. A ƙarshe akwai shuka-halinka, Kalanchoe pinnata, baƙuwa daga Madagaska wadda ta zama 'yar gida, wadda ko ganyenta aka yar a ƙasa sai 'ya'ya su tsiro a gefensa.

Sirrin Numfashin Dare

Tara ruwa rabin dabara ne, sauran rabin shi ne hana shi tsiyayewa. Kowane koren tsiro yana haɗa abincinsa ne daga ruwa da iskar kabon-dayokzayid da taimakon hasken rana. Iskar tana shiga ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Matsalar ita ce, ta ƙofar da iska ta shiga ta nan ruwa ke fita a matsayin tururi. Tsirrai irin su wake da shinkafa da gyaɗa suna buɗe ƙofofin da rana, lokacin da zafi ya fi tsanani, don haka asararsu take da yawa.

Yawancin masu tanadin ruwa sun juya al'amarin. Da dare, lokacin da gari ya yi sanyi kuma iska ta ɗan yi laima, sai su buɗe ƙofofinsu su shaƙi kabon-dayokzayid. Da yake babu rana balle su haɗa abinci, sai su mayar da iskar wani sinadari mai tsami da ake kira malik asid, irin wanda ke cikin ɗanyen tuffa, su tara shi a jakunkunan ruwa da ke cikin ƙwayoyin halittarsu. Da gari ya waye sai su rufe ƙofofin ruf, su warware wannan asid, iskar ta fito a cikin gida, su haɗa abinci da ita. Abin ya yi kama da matar da ke zuwa rijiya da asuba ta cika randuna, ta yi girkinta da rana ba tare da ta fito cikin zafi ba. Masana suna taƙaita sunan wannan tsari da haruffa uku, CAM.

Ribar ba kaɗan ba ce. Littattafan ilmin aikin jikin tsirrai sun nuna cewa domin samun giram ɗaya na kabon-dayokzayid, tsiro irin su wake yakan yi asarar ruwa giram 400 zuwa 500, irin su dawa da gero da masara giram 250 zuwa 300, masu numfashin dare kuwa giram 50 zuwa 100 kacal. Amma kowace riba da kuɗinta. Jakar asid tana da iyaka, don haka abincin da za su iya haɗawa a yini kaɗan ne, shi ya sa suke da jinkirin girma. Abarba ma tana cikin masu wannan tsari. Ita kuwa ƙarya ta fi dogara ga kakkaɓe ganye da rani da kuma rumbun ruwan da ke gindinta, kuma daga wannan rumbu take ciyar da furanninta. Wannan ita ce amsar tambayarmu ta farko.

An daɗe da lura da wannan al'amari. A 1804 wani masani ɗan Janeba, de Saussure, ya gano cewa kaktus yana shaƙar kabon-dayokzayid da dare. A 1815 kuma aka buga bayanin wani likita mai suna Benjamin Heyne da ke aiki a Indiya, wanda ya lura cewa ganyen wani tsiro yana da tsami ƙwarai da safe amma da tsakar rana tsamin ya ɓace. Wannan tsiro kuwa shi ne shuka-halinka da ke bayan ɗakunanmu.

Gwaji Domin Ɗalibai

Kowace makarantar da ke da kayan gwajin kemistiri za ta iya maimaita binciken Heyne, amma ba da harshe ba, domin ganyen yana da sinadaran da ke taɓa zuciya. A sami shuka-halinka wadda ke cikin rana kuma ba a cika ta da ban-ruwa ba. A tsinki ganye da ƙarfe 6 na safe, a auna giram 5, a daka, a tafasa cikin ruwa mililita 50, a tace. A sake yin haka da ƙarfe 5 na yamma daga tsiro ɗaya. A tsoma takardar gwajin tsami a kowane, ko kuma a ɗiga ruwan soda mai rauni daga bututun awo, kamar yadda ake yi a jarrabawar aikin hannu, a rubuta yawan da kowane ya sha kafin launi ya juya. Za a tarar ruwan safe ya fi tsami nesa ba kusa ba.

Inda babu kayan aiki, ledar sayen gishiri ta isa. A ɗaure fara leda a reshen dogonyaro mai ganye, a ɗaure wata a reshen shuka-halinka, tun daga hantsi zuwa la'asar. Ta dogonyaro za ta yi gumi sharkaf, ɗayar kuwa kaɗan za a gani. Malami ya bar ɗalibai su faɗi dalili da kansu.

Hattara da Farin Nono

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a wata gona da ke gindin dutse a Dabai, na sari reshen tinya da lauje don kawai in ga nono na zuba. Na share gumi da bayan hannu, hannun ya taɓa ido. Ban taɓa jin raɗaɗi irin wannan ba, kamar an zuba mini garwashi. Wani dattijo da ke noma kusa ya kwantar da ni ya yi ta kwarara mini ruwan gorarsa da na maƙwabcinsa har suka ƙare, sa'an nan aka kai ni asibiti. Kwana huɗu na yi ban iya duban haske ba. Allah ya kiyaye idon, amma ba kowa ke samun wannan sa'a ba, domin nonon yana iya yi wa baƙin ido rauni har gani ya tafi.

Sai da na girma na fahimci abin da ya same ni. A 1976 wasu masana harhaɗa magunguna a Landan suka ware wani sinadari daga nonon tinya, suka sa masa suna tinyatoxin, watau gubar tinya, kalmar Hausa ta shiga kundin kimiyyar duniya ke nan. Tinya na ɗauke da wani ɗan'uwansa kuma, resiniferatoxin, wanda aka fara samu daga wata Euphorbia ta ƙasar Maroko. A bisa ma'aunin yaji, wannan na biyun ya ninka tsantsar sinadarin barkono kimanin sau 1,000. Dukkansu suna taɓa wata ƙofa ce a jijiyoyin jin zafi, wadda David Julius ya gano a 1997, binciken da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2021. Abin sha'awa shi ne, da yake sinadarin na iya kashe jijiyar da ke kai saƙon ciwo, an yi gwajinsa a Amurka a kan masu fama da matsanancin ciwon daji. Abin da maharbanmu suka sani a matsayin dafi, likitoci na neman magani a cikinsa.

Ita ma ƙarya ba a wasa da ita. Ruwanta yana da sinadaran da ke dagula bugun zuciya, shi ya sa aka yi amfani da shi wajen dafin kibiya da kashe kifi a sassa da dama na Afirka. Saboda haka a kiyaye waɗannan ƙa'idoji. Kada a yanki tinya ko ƙerana ko ƙarya ba tare da an rufe hannu ba, ko da leda ce, kuma a kare ido. A wanke hannu da sabulu bayan an gama. In nono ya shiga ido kada a murza, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sa'an nan a garzaya asibiti. Kada a dasa su inda ƙananan yara ke wasa. Kaktus mai faffaɗan jiki kuma yana da wasu ƙananan ƙayoyi kamar gashi masu wuyar cirewa, don haka da takarda mai kauri ko matsefata ake kama shi.

Yadda Ake Renon Su

Mutane da yawa kan sayi kaktus da tsada, bayan wata biyu ya ruɓe, su ce an cuce su. Galibi kuwa yawan kulawa ne ya kashe shi. Ƙasar Zuru takan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, alhali garuruwan hamadar Arizona, inda manyan kaktus suke, abin da suke samu bai cika wuce milimita 300 ba. Saiwar waɗannan tsirrai tana buƙatar iska. In ta kwana biyu cikin caɓi sai ƙwayoyin cuta su kama ta. A wurinmu watan Agusta ne abokin gabarsu, ba watan Maris ba. A lura da cewa ita ma tinya a tsagin dutse take zama, inda ruwa ba ya kwanciya.

Da farko a sami tukunyar ƙasa, domin tana numfashi ta jikinta, ba kamar roba ba. Ƙasar Zuru ta yi suna da ginin tukwane tun kaka da kakanni, kuma ko tsohuwar tukunyar da ta tsage ta wadatar. A huda gindinta, a rufe hudar da katanga, a ɗora tukunyar a kan duwatsu uku don ruwa ya wuce kuma gara ta rasa hanya. A haɗa kashi biyu na yashin rafi mai tsakuwa, kashi ɗaya na ƙasar gona, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara, a ƙara ɗan dakakken gawayi. A jarraba: in aka zuba ruwa ya tsaya a sama, to yashi bai isa ba.

Wajen dashe, a yanki reshe da wuƙa mai kaifi da tsabta, a barbaɗa toka a bakin yankan, a ajiye a inuwa har ya bushe ya yi ɓawo. Siririn reshe kwana uku zuwa bakwai ya ishe shi, mai kauri kuwa sai ya yi mako biyu. Sa'an nan a kafa shi sama-sama cikin busasshiyar ƙasa, a tokare da tsinke, kada a ba shi ruwa sai bayan mako guda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, domin saiwa ta kama kafin ruwa ya zauna. Zabuwa da moda kuwa 'ya'yan da ke fitowa a gindinsu ake cirewa.

Game da ban-ruwa, a soka tsinke har gindin tukunya. In ya fito da danshi a dakata. In ya fito a bushe a zuba ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, sa'an nan a ƙyale. Da damina a janye tukwane zuwa ƙarƙashin rumfa ko baranda inda hasken safe ke shiga. In aka ga gindi ya yi laushi ya yi baƙi, a yanke sashen da ke da lafiya a sake dasa shi. In kuma aka ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a lungunan kara, a goge su da auduga da ruwan sabulu.

Yadda Za Su Yi Fure

Abubuwa uku ke kawo fure: rana, hutu, da ƙarancin taki. Ƙarya da kaktus mai faffaɗan jiki suna son rana ta aƙalla sa'a shida a yini. Da hunturu a rage musu ruwa ƙwarai, domin wannan hutun ne ke shirya su. Takin zamani irin yuriya kuwa ganye yake sa wa, ya hana fure. Wasu kuma tsawon dare suke lissafawa. Kalanchoe blossfeldiana, mai tarin ƙananan furanni ja ko rawaya, ba ta fure sai dare ya fi yini tsawo, watau wajen Disamba da Janairu a wurinmu, lokacin da ake shagalin Uhola. In aka ajiye ta ƙarƙashin fitilar da ke kwana a kunne, sai lissafin ya rikice mata ta ƙi yin fure. Akwai kuma kaktus masu yaɗo, irin su Epiphyllum oxypetalum, waɗanda babban farin furensu mai ƙamshi ke buɗewa dare ɗaya tak, kafin hantsi ya yanƙwane. Wanda ya rene shi shekara biyu ko uku, daren nan ba ya barci, har maƙwabta yakan tasa su zo kallo.

Saura tambayarmu ta biyu. Gaskiyar magana ita ce ƙarya tana 'ya'ya. Takan fitar da kwanso biyu a haɗe kamar ƙahonin sa, cike da iri mai gashi a kowane gefe wanda iska ke ɗauka. Dalilin da ya sa ba a cika gani ba shi ne, gabobin furen a ɓoye suke can ciki, sai ƙwaro mai dogon baki ke iya kai musu garin fure, kuma da yawa daga cikin bishiyoyin ba sa karɓar garin furen kansu. Da yake reshe ake yanka a ba maƙwabci, sai ka tarar duk ƙaryar da ke unguwa guda asalinta bishiya ɗaya ce. Wanda ya dasa biyu daga wurare daban-daban yana iya ganin kwanso. Wadda aka shuka daga iri kuma ita ta fi yin kumburarren gindin nan mai ban sha'awa.

Kammalawa

Akwai gargaɗi biyu da za mu rufe da su. Na farko, baƙon tsiro na iya zama annoba. An kai kaktus mai faffaɗan jiki ƙasar Ostareliya don shinge, amma zuwa 1925 ya mamaye kimanin hekta miliyan 24, fiye da girman Jihar Kebbi sau shida. Sai da aka saki wani ɗan malam-buɗe-littafin dare daga Ajantina, Cactoblastis cactorum, a 1926, tsutsarsa ta cinye shi cikin 'yan shekaru. Don haka kada a zubar da guntayen kaktus ko shuka-halinka a juji ko bakin rafi. A shanya su a ƙone.

Na biyu, tsiron da ke da jinkirin girma yana da saurin ƙarewa. Wani binciken ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da aka buga a 2015, ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na ire-iren kaktus suna fuskantar barazanar ɓacewa, kuma haƙo su daga daji don sayarwa na cikin manyan dalilai. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 kuma Nijeriya na cikinta, ta sa ƙa'ida a kan fataucin kaktus da Euphorbia masu tanadin ruwa da yawancin Aloe tsakanin ƙasashe. Mu ma nan gida fasa duwatsu da faɗaɗa gonaki suna cin mazaunin tinya da zabuwa. Mai son su ya yanki reshe ɗaya ya bar uwar a inda ya same ta.

Ina kira ga malaman kimiyya na makarantun Dabai da Zuru da kewaye su keɓe ɗan fili, su tara duwatsu da yashi, su kafa lambun waɗannan tsirrai, wanda ba ya buƙatar rijiya kuma ba zai mutu lokacin dogon hutu ba. Masu dafi a kewaye su da shinge. Kowane tsiro a rubuta masa suna uku a jikin allo: na C'lela, na Hausa, da na kimiyya. Suna na farko ba a littafi za a same shi ba, sai ɗalibai sun je sun durƙusa gaban kakanninsu sun tambaya, tare da amfanin da aka san tsiron da shi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, tana kusa ga mai neman a tabbatar masa da sunan kimiyya. Ajin da ya yi dashe a bazarar bana, in Allah ya yarda, zai ga furen ƙaryarsa kafin ya bar makaranta.